Tan Guda Buhu Nawa Ne? Lissafin Nauyin Kaya Daga Kilo Zuwa Tan

Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna a filin kasuwa da kiwo na wannan mako. Mun rubuta shi ne domin wanda shirin ya wuce shi, da kuma wanda ya ji amma yana so ya zauna da alƙaluman a gabansa.

Tambayar da ta fi yawa cikin saƙonnin da kuka aiko ita ce: idan an ce tan guda, buhu nawa ke nan? Wani ya ce goma, wani ya ce ashirin. To, dukansu biyu suna da gaskiya, kuma a nan matsalar take. Tan nauyi ne tsayayye, kilo 1,000, ko a Maraɗi kake, ko a Kano, ko a Garwa. Buhu kuwa mazubi ne, abin da aka zuba masa shi yake ɗauka. Saboda haka magana guda za mu yi ta maimaitawa yau: duk cinikin da ya kai na buhuna masu yawa, a sauko da shi zuwa kilo tukuna, sannan a yi maganar kuɗi.

Matakala huɗu na awon nauyi

Awon nauyi na hukuma hawa-hawa ne, kuma ba shi da wuyar riƙewa. Giram 1,000 su ne kilo guda. Kilo 100 su ne kintal guda. Kintal 10, wato kilo 1,000, su ne tan guda. Shi ke nan fa. Kintal ba a cika jin sa a bakin 'yan kasuwa ba, amma yana fitowa a takardun ma'aikatan gona na ƙasashen da ke aiki da Faransanci, gara mutum ya san shi.

Idan kana da tan kana son kilo, ka ƙara sifili uku a baya. Tan 7, kilo 7,000. Tan 30, kilo 30,000. Idan kuma kilo ne a hannunka kana son tan, ka ware lambobi uku na ƙarshe: abin da ya rage a gaba shi ne tan, ukun da ka ware su ne ragowar kilo. Kilo 12,400 tan 12 ne da kilo 400. Kilo 850 bai kai tan ba, saura kilo 150. Rabin tan kilo 500 ne, rubu'insa kilo 250.

Wannan tsari na goma-goma a Faransa aka ƙirƙiro shi a shekarun 1790. Nijar da Chadi da Benin sun gaje shi tun zamanin mulkin mallaka. Najeriya da Ghana kuwa sun daɗe suna aiki da awon Ingilishi na laba, sai a shekarun 1970 suka koma kilo. Yau dai kilon da ke Illela shi ne kilon da ke Birnin Ƙonni. Kuɗi ne ke canjawa idan ka tsallaka iyaka, kilo ba ya canjawa. Shi ya sa ya fi kowane awo dacewa da cinikin ƙasa da ƙasa.

Daga tan zuwa buhu da tiya

Yanzu mu koma kan tambayarku. Domin ka san buhu nawa ne a tan, ka raba 1,000 da nauyin buhun. Ga waɗanda aka fi haɗuwa da su:

Buhu mai kilo 100, irin na gero, dawa, masara da wake idan ya cika: buhu 10 a tan.
Buhu mai kilo 80: buhu 12 da rabi.
Buhu mai kilo 50, irin na takin zamani, siminti, shinkafa da sukari: buhu 20.
Buhu mai kilo 40: buhu 25.
Buhu mai kilo 25: buhu 40.

Kun ga inda goma da ashirin suka fito. Mai hatsi ya ce goma, mai taki ya ce ashirin, kowa da buhun da yake nufi. Tirela mai ɗaukar tan 30, buhu 300 take ci na kilo 100, ko 600 na kilo 50.

Sai batun tiya. A yawancin kasuwanninmu ana lissafa tiyar gero wajen kilo biyu da rabi, tiya 40 a buhu, tiya 400 a tan. Koro na Chadi ma kusan haka yake. Amma a lura da kyau, tiya cika take aunawa, ba nauyi ba. Tiyar gero da tiyar dusa ba nauyinsu ɗaya ba, haka gyaɗa ɓararriya da mai ɓawo. Ko a hatsi iri ɗaya, awo mai tozo daban, shafaffe daban, wanda aka tare da hannu daban. Kwanon wannan kasuwa ya fi na waccan zurfi, wani kuma an bubbuge gindinsa. Sabon hatsi na kaka yana ɗauke da danshi, idan ya yi wata biyu a sito sai ya sake nauyi. Duk wannan a cinikin tiya biyar ba komai ba ne, gyara ma ta rufe shi. A cinikin mota guda kuwa dukiya ce.

Ga misali. Ka sayi buhu 300 a kan cewa kowane kilo 100 ne. Ashe kowane buhu kilo 95 ne. Kilo biyar ba ya ganuwa da ido, ɗan dako ma ba zai ji bambanci a wuyansa ba. Amma biyar sau 300, kilo 1,500 ke nan, tan ɗaya da rabi. Buhu 15 cur sun tafi, ba ɓarawo, ba ɓera. Idan wanda za ka kai wa kayan a Dawanau ko a wani kamfani da sikeli yake saye, a can za ka ga giɓin, lokacin da ba ka da wanda za ka kama.

Kuɗin tan da kuɗin kilo

Akwai wata dabara mai sauƙi, musamman ga masu lissafi da sefa. Jikka guda sefa 1,000 ce, tan guda kuma kilo 1,000 ne. To, duk jikkar da aka faɗa a kuɗin tan, ita ce sefar da ke kan kilo guda. An ce tan jikka 180? Kilo sefa 180 ke nan, wato dala 36. An ce jikka 250? Kilo sefa 250, dala 50. A naira ma haka ne, ka cire sifili uku: tan naira 600,000, kilo naira 600. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai, farashin ranar yana wajen kasuwa.

Da zarar ka san kuɗin kilo, ka iya gwada kowane tayi da ɗan'uwansa. A ce mutum biyu suna sayar da dusar alkama. Na farko ya ce tan jikka 180, buhunansa masu kilo 50 ne, buhu ya kama jikka 9. Na biyu ya ce shi buhunsa jikka 8 ne. Kowa zai ruga wajen na biyu, ai jikka guda ba wasa ba ce. Amma da aka ɗora buhunsa a sikeli, kilo 40 ne. Raba 8,000 da 40, kilo ya kama sefa 200, tan kuwa jikka 200. Ka ga mai arahar ya fi tsada da jikka 20 a kowane tan. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Ba lallai ne mai buhun yana da niyyar cuta ba, wani lokaci haka kayan suka zo masa. Amma kai mai saye, tambayarka ta farko ita ce kilo nawa ne a ciki, kafin ka ce nawa ne.

Wanda ke saye da naira ya sayar da sefa, ko ya saya da sefa ya sayar da naira, aikinsa biyu ne, kuma kada ya haɗa su wuri guda. Ya fara fitar da kuɗin kilo a kuɗin ƙasar da ya yi sayayya, sannan ya juya shi da canjin ranar, sannan ya ɗora kuɗin mota da na dako da na duwan, su ma a kan kilo. Idan kuɗin mota jikka 900 ne a kan tan 30, tan jikka 30 ke nan, kilo sefa 30. A nan ne zai ga ko tafiyar tana da riba.

Lissafin makiyayi

'Yan uwa makiyaya, kada ku ce wannan zancen fatake ne. Watannin bazara, kafin ruwa ya sauka ciyawa ta fito, su ne suke karya garke, kuma a lokacin ne dusa da angurya da harawa suke tsada. Wanda ya yi lissafi tun kaka ya san dabba nawa zai sayar tun tana da ƙiba, ya sayi abincin sauran.

A ce kana da shanu 30, kana so ka riƙa ƙara wa kowace kilo 2 na dusa a rana har kwana 90. Yawan abin da ya dace da dabbarka, ma'aikacin kiwo na yankinku ne zai faɗa maka, mu lissafin muke nunawa. Talatin sau biyu, kilo 60 a rana. Sittin sau 90, kilo 5,400. Ware lambobi ukun ƙarshe: tan 5 da kilo 400. A buhu mai kilo 50, buhu 108 ke nan.

To, yanzu a ce ka ƙirga buhu 108 ɗin nan daidai, ka biya, ka kai gida, ashe masu kilo 40 ne. Abin da ke hannunka kilo 4,320 ne, kuma zai ƙare a kwana 72. Saura kwana 18 babu komai, a daidai lokacin da shanu suka fi rama, kasuwar dabba ta faɗi, dusa kuma ta hau. Da ka sani tun farko, buhu 135 za ka nema, ko ka rage kuɗin. Wannan shi ne abin da rashin tambayar kilo yake jawowa, kuma a jikin dabba ake ganin sa.

Idan kun haɗa kuɗi a ƙungiya kun sayi mota guda, rabon ma da kilo za a yi. Ku ɗauki buhu goma daga wurare daban-daban na motar, gaba da tsakiya da baya, sama da ƙasa, ku auna su, ku haɗa nauyin ku raba goma. Abin da ya fito shi ne nauyin buhu na gaskiya a wannan mota, da shi za ku yi lissafi da mai kaya, da shi kuma za ku yi rabo.

Waƙafi da ɗigo a kan takarda

Nan kuma sai a buɗe kunne, domin wannan tarkon na mutanen kan iyaka ne kawai. Takardar da aka rubuta da Faransanci da wadda aka rubuta da Ingilishi ba sa amfani da waƙafi da ɗigo iri ɗaya. A Najeriya da Ghana, ɗigo ne ke raba cikakken tan da ɓurɓushinsa, waƙafi kuma yana raba dubbai. Tan biyu da rabi 2.5 ake rubuta shi, kilo dubu biyu da ɗari biyar kuma 2,500. A Nijar da Chadi da yankin Faransanci na Kamaru abin a juye yake: tan biyu da rabi 2,5 ne, dubbai kuma ana raba su da ɗan fili ko da ɗigo, 2 500 ko 2.500. Mu a wannan takarda waƙafi muke sa wa dubbai.

Saboda haka idan ka ga 12,750 t a takardar Faransanci, tan 12 ne da kilo 750, kayan mota guda. Mai karatun Ingilishi zai iya karanta shi tan dubu goma sha biyu da ɗari bakwai da hamsin, kayan jirgin ruwa. Irin wannan babban kuskure hankali ma yana kama shi. Wanda ya fi haɗari shi ne ƙarami. Tan 2.5 kilo 2,500 ne. Tan 2.05 kilo 2,050 ne. Sifili guda ya shiga tsakani, kilo 450 sun ɓace, buhu tara na taki. Hanyar tsira ita ce ka cika lambobin da ke bayan alamar su zama uku ta ƙara sifili a ƙarshe: 5 ya zama 500, 05 ya zama 050, 75 ya zama 750. Waɗannan ukun su ne kilo.

Abin da ya fi, duk yarjejeniyar da za a rubuta tsakaninku, a rubuta nauyin da kilo, da lamba da kuma kalmomi, kamar yadda ake yi wa kuɗi. Harafin t shi ne tan, kg shi ne kilo. A takardun Najeriya sau da yawa za ku ga MT, shi ma tan ɗin nan ne mai kilo 1,000.

A kan sikelin mota

Direbobi da masu kaya sun san sikelin manyan motoci, wanda a ɓangaren Faransanci ake kira pon-baskil. Tikitin da yake fitarwa lamba uku ne. Akwai nauyin mota da kayanta gaba ɗaya, akwai nauyin mota wayam, akwai nauyin kaya zalla. A takardar Faransanci brut, tare da net ake rubutawa, a ta Ingilishi gross, tare da net. Na ƙarshen shi ne naka, shi kake saye, shi kake sayarwa. Ana samun sa ne idan aka ɗebe na biyu daga na farko.

Misali, mota da kaya kilo 47,200. Mota wayam kilo 16,800. Ka ɗebe, saura kilo 30,400, wato tan 30 da kilo 400. Idan buhunan da aka loda 320 ne, raba 30,400 da 320, kowane buhu kilo 95. Nan take ka san abin da ka saya. A kula kuma, yanayin da aka auna motar wayam ya zama shi ne yanayin da aka auna ta da kaya. Idan an auna ta wayam tanki babu mai, sannan aka auna ta da kaya tanki cike, ga yaran mota uku a sama, ga jarkokin ruwa, duk wannan nauyi zai shiga cikin kayanka, ka biya kuɗin hatsi a kan gas da mutane.

Sikelin nan kuma shi ne ke yanke tara. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA sun amince da wata doka a 2005 wadda ta ƙayyade nauyin da manyan motoci za su ɗauka domin kare hanyoyi. A ƙarƙashinta, tirela mai layin tayoyi shida da ke ɗauke da kaya irin na yau da kullum ba za ta wuce tan 51 ba, kuma wannan har da nauyin motar kanta. Mu koma kan motar misalinmu: 51,000 a ɗebe 16,800, saura kilo 34,200. Buhu 342 ke nan na kilo 100, ko 684 na kilo 50. Motar da layin tayoyinta bai kai shida ba, iyakarta ta fi haka ƙasa.

Masu albasa su ne suka fi faɗawa wannan rami. Buhun albasa mai hula, irin wanda ake lodawa a yankin Galmi da Madawa, yakan zarce kilo 100 nesa. Idan ka ƙirga buhu 300 ka ce tan 30 ne, alhali kowane kilo 120 ne, tan 36 ka ɗora. Tan shidan nan da ba ka san da su ba, sikeli ya san da su. Ga tara, ga sauke kaya a bakin hanya, albasa kuma ba ta jiran kowa a rana.

Tan ɗin da ba namu ba

Wani mai saurare ya ce ya ji dattawa suna cewa tan ɗin da ya fi na yanzu. Gaskiya ne, amma da kaɗan. Tan ɗin Ingilishi, wanda aka yi cinikin gyaɗa da auduga da shi a Kano zamanin dalar gyaɗa, laba 2,240 ne, wato kilo 1,016. Ya ɗara namu da kilo 16. Akwai kuma tan ɗin Amurka, laba 2,000, wato kilo 907, ya gaza namu da kilo 93. A tan 100 irin na Amurka, abin da za ka samu bai kai tan 91 namu ba. A kasuwanninmu ba da su ake aiki ba, amma mai odar kaya daga waje, ko mai karanta farashin duniya a waya, ya tabbatar wane tan ake nufi. Laba guda giram 454 ce, ba ta kai rabin kilo ba.

Masu fatauci ta Chadi zuwa Sudan kuma, ga naku. A kasuwannin Sudan, irin su El Obeid da Gadarif, ana cinikin ƙaro da riɗi da wani awo mai suna ƙintar. Sunan ya yi kama da kintal, amma nauyinsa wajen kilo 45 ne, bai kai rabin kintal ba. Kintal 100 tan 10 ne. Ƙintar 100 kuwa wajen tan huɗu da rabi ne. A tan guda akwai ƙintar 22 da 'yan kai. Wanda ya ji farashin ƙintar ya ɗauka na kilo 100 ne, zai ga araha inda babu ita.

Manyan alƙaluman da kuke ji a labarai

Kullum kuna ji muna karanto cewa an ware tan dubu kaza na hatsi, ko an samu giɓin ciyawa na tan miliyan kaza. Lambar tana da girma a kunne, amma sai an sauko da ita ake sanin abin da take nufi. Tan 1,000 kilo miliyan ɗaya ne, a wasu takardu kilotan ake ce masa. Tan miliyan ɗaya kuma shi ne megatan, kilo biliyan ɗaya, kayan tirela fiye da 33,000 masu tan 30.

A ce an sanar da tan 500 na hatsi mai rahusa ga wata ƙaramar hukuma mai gidaje 10,000. Ƙara sifili uku, kilo 500,000. Raba wa gidaje 10,000, kowane gida kilo 50, tiya 20 na gero. Da wannan lissafi mai gida ya san abin da zai sa rai da shi, ya kuma san ko abin da ya iso garinsu ya yi daidai da abin da aka faɗa.

Lissafin ciyawa ma da haka ake yin sa. Ma'aikatan kiwo suna ɗaukar dabba mai nauyin kilo 250 a matsayin ma'auni, su ce tana cin kilo shida da rubu'i na busasshiyar ciyawa a rana. A Nijar ana lissafa rani wata tara, kwana 270. Idan ka ninka, dabba guda tana bukatar wajen tan ɗaya da kilo 700 kafin damina ta dawo. To, duk tan miliyan ɗaya da aka ce an rasa, abincin irin waɗannan dabbobi wajen 590,000 ne na rani guda. Mai shanu 30 manya kuma ya san garkensa yana bukatar wajen tan 50 na ciyawa daga daji da gonaki. Idan ya ji giɓin bana babba ne a yankinsu, ya san lokacin yanke shawara ya yi: ko tafiya da wuri, ko rage garke, ko tanadin dusa.

Ruwa, mai, da gwada sikeli

Lita ba kilo ba ce, sai a ruwa kaɗai. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, lita 1,000 tan guda. Mai ya fi ruwa sauƙi. Jarka mai lita 25 ta manja ko man gyaɗa ba ta kai kilo 25 ba, wajen kilo 23 ce ban da nauyin jarkar. Tan guda na man gyaɗa ya kusa lita 1,100. Fetur da gas sun fi haka sauƙi ma. Wanda ya sayi mai da tan zai sayar da lita, ya riƙe wannan.

Wannan hali na ruwa yana da amfani wajen gwada sikeli. Ka auna jarka wayam, ka zuba mata ruwa lita 20 da ma'aunin da ka yarda da shi, ka sake aunawa. Bambancin ya zama kilo 20. Idan sikelin ya nuna 19 ko 21, to a kowane buhu mai kilo 100 yana iya kaucewa da kilo biyar, a tan kuma kilo 50, buhu guda na taki. Ka duba kuma allurar tana kan sifili kafin a ɗora kaya, sikelin kuma yana zaune a ƙasa mai daidai. Mai gaskiya ba ya jin haushin a gwada sikelinsa, shi ma kariya ce gare shi. Tauye mudu dai kowa ya san hukuncinsa, amma da yawa asarar da ake yi a kasuwa ba ta mugunta ba ce, ta rashin aunawa ce.

Ga abin da za ku riƙe kafin ku shiga Jibiya, Maigatari, Matamaye ko Mubi a wannan mako. Tan kilo 1,000 ne. Ku tambayi kilon da ke cikin buhu, ku auna kaɗan daga ciki ku gani da idonku. Ku fitar da kuɗin kilo kafin ku gwada tayi biyu. A takarda, ku duba da wane harshe aka rubuta ta kafin ku karanta waƙafi da ɗigo. A kan sikelin mota, ku nemi nauyin kaya zalla. Wanda bai yi boko ba, wayar da ke aljihunsa tana da na'urar lissafi, yaron gida ma zai iya buga masa.

A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake ƙiyasta nauyin sa da rago ba tare da sikeli ba, domin awon magani da kuma ciniki da mahauta. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya, ya kai matafiya gida lafiya.